Gilashi na Biyu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da Yaya da iyalinsa. Ni ma lafiya lau nake, sai 'yar mura da ta kama ni makon jiya, ta kuma sake ni. Umma ta ce mini a waya ƙafarka ta yi sauƙi har ka koma zagayenka na safe. Allah ya ƙara afuwa. Na san ba ka karɓar gaisuwa ta bakin wani, shi ya sa na ɗauki biro, ko da yake na san takardar nan za ta dawo mini da jan biro a jikinta kamar an yanka kaza a kanta.

Karatu ya zo gangara. Yanzu rabin yini muna aji, rabi muna asibitin ido muna gwada mutane a gaban malamai. Kwanakin nan a ɗakin yara aka sa ni. Kawu, da ma ka ga ɗakin. Kujerar gwaji ta yi musu girma, sai an ɗora musu matashi. Allonsu ma ba na haruffa ba ne, hotuna ne: kifi, mota, tsuntsu, gida. Jiya aka kawo wata yarinya da malamar ajinsu ta ce ba ta da kai. Na sa mata ƙarfen gwaji, wato tabarau ɗin nan mai nauyi da muke zura gilasai a ciki muna canzawa, na ce, “Wannan ko wancan?” Sai ta daka mini tsawa: “Wancan! Maido wancan!” Da na maido, ta juya ta ƙura wa uwarta ido, ta kai hannu ta taɓa ɗan kunnen uwar, ta ce, “Ashe fure ne.” Uwar ta juya baya tana share fuska. Ni kuwa na yi kamar ina neman wani abu a aljihun tebur.

Ga abin da ya kawo ni. Babbar likitarmu ta kira mu ɗaya bayan ɗaya a kan inda kowa zai nufa in mun gama. Akwai gurbi guda a ɗakin yara, na ƙarin horo har shekara biyu. Sauran kuma kowa ya kama gabansa. Ta tambaye ni abin da na fi so. Ka san tarbiyyar gidanmu. In aka miƙo mana abu biyu, cewa muke yi duk wanda aka ba mu, mu sunkuyar da kai, babba ya dubi fuskarmu ya gane. Haka na yi. Na ce mata I don't mind, wato ko wanne daidai ne. Ta ɗan dube ni, ta rubuta wani abu, ta ce a turo na gaba. Wani ɗan ajinmu da muke kira Aku ya shiga, ya fito yana ba da labarin yadda ya faɗa mata abin da yake so har da dalilai.

Kawu, rabin rayuwarka ka yi kana juya Turanci zuwa Hausa a gidan jarida. Don Allah ka koya mini yadda mutum zai faɗi abin da yake so da harshen nan ba tare da ya zama marar kunya ba. Za ta sake kiranmu kafin jarrabawar ƙarshe.

Ina kewar gida, musamman da yamma.

'Yarka.

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Tunda sunan mahaifiyata aka sa miki, har na mutu ba ni da bakin kiranki da wani suna, ko kin zama likitar likitoci. Kowa lafiya. Ƙafa ta yi sauƙi. Hajiya ta ce ki riƙa rufe ƙirjinki. Wasiƙarki na maido miki da ita a cikin ambulan ɗin nan. Gyara huɗu ne kawai, biyu daga ciki waƙafi. Kina ci gaba.

Kin kawo kuka inda ya dace. Ki zauna ki ji.

Farko, choose. Wannan aikin hannu ne: a shimfiɗa abubuwa, ki ɗauki ɗaya ki bar saura. Mutum yakan yi choose na abin da ba ya so, kamar mai shan magani. Na biyu, prefer. Wannan aikin zuciya ne, shi ne “na fi son”. Zuciya ta karkata, ko hannu ya miƙa ko bai miƙa ba. Na uku, decide, wato yanke shawara bayan an auna, a rufe magana. Kada ki cakuɗa su. Lokacin da nake teburin fassara, wani babban jami'i ya ce ya yi prefer a gina kasuwa a gabas da gari. Wani sabon yaro ya fassara cewa an yanke shawara. Kafin azahar ofishinmu ya cika da 'yan kasuwar yamma, har da mai sanda. Washegari muka buga gyara a shafin farko, kuma ni na rubuta shi da hannuna.

Akwai would rather. Shi ne “gara” ko “na gwammace”. Yana da ladabi, yana kuma da ƙashi a ciki. Shi nake so ki riƙe. Akwai it's up to you, wato ya rage naka, ka miƙa wa wani wuƙa da nama. Akwai kuma wanda na tsana, settle for: ka haƙura da abin da ya samu alhali ranka yana wani wuri. Duk wanda na horar a ɗakin labarai ya san ba na barin kanun labari irin na settle for ya wuce teburina.

Shi kuwa I don't mind da kika faɗa, ba laifi ba ne a nahawu. Laifinsa guda: an yarda da ke. A gidanmu in yaro ya ce duk wanda aka ba shi, ladabi ya yi, aiki ya koma kan babba ya karanta fuska. A wurin aiki irin naku ba mai karanta fuska. Kin ce ko wanne daidai ne, an rubuta ko wanne daidai ne. Likitar ba ta zalunce ki ba.

To, ni na karanta tsakanin layuka, aikina ne. Na ga abin da ke cin ranki: kina jin nauyin ki ce wa matar da ta koyar da ke ba za ki zauna ba. Ki kwantar da hankalinki, ga albishir. Shagon nan na kan kwana, kusa da mai sayar da littattafai, ya faɗo, na sa Yayanki ya kama. Shagon tabarau za a buɗe. Shi yana kanta yana ciniki, ke kina ɗakin ciki kina gwaji. Na auna ɗakin da kaina. Daga kujera zuwa bango ya isa a rataya allon haruffa. Da na kawo wa Yayanki maganar, cewa ya yi, “Duk yadda ka gani, Baba.” Kin ji ɗan halak.

Don haka in ta sake kiranki, ki miƙe tsaye, ki dube ta, ki ce: Thank you, but I would rather go home. Gajere, tsaf, ba kame-kame. Ki maimaita shi a gaban madubi.

Tun rasuwar mahaifinki nake zaɓa muku makarantu, ke da ƙannenki, ban kuwa taɓa yin zaɓen tumun dare ba. Jiya ma na faɗa wa mutanen majalisarmu cewa 'yata za ta dawo ta gyara musu idanu, su daina gaishe da turken lantarki.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya, ƙafa kuma ta ci gaba da sauƙi. Ka ce wa Hajiya na ji, ina rufe ƙirji. Na ga waƙafai biyun, na karɓi laifina.

Darasinka ya fi na littafin da ake koya mana da shi. Na karanta wa abokiyar ɗakina labarin 'yan kasuwar yamma, ta yi dariya har ta ƙware da shayi. Yanzu ina jin kalmomin nan ko'ina. Ashe a bakina suke kullum ban lura ba, domin aikinmu kaf tambaya ɗaya ce: which do you prefer, wannan gilashin ko wancan? Na'ura tana kai mu kusa, amma ba ta kai mu ƙarshe. Ƙarshen yana bakin mai idon. Malaminmu yakan ce duk karatunka ba za ka iya leƙawa ta cikin idon wani ba.

Shi ya sa manya suka fi yara wahalar gwaji. Dattijo zai zauna, ka canza gilashi, ka ce wanne ya fi, ya ce, “Duk suna da kyau, 'yata, Allah ya yi miki albarka.” Ya tafi gida da tabarau ɗin da ba nasa ba, ya yi ta ciwon kai yana gode wa Allah. Yaro kuwa ba ruwansa. Shekaranjiya wani ya ce mini, “Wannan na ƙarya ne, kifin ya zama biyu.” Akwai ciwon ido da in aka kama shi yaro yana ƙarami ake gyara shi, in ya girma kuwa shi ke nan. A garinmu ban san mai wannan gwajin ba, Kawu. Ban san ko mutum ɗaya ba.

Maganar shago, na gode, Allah ya saka da alheri. Ban san har an kama ba. Ina ganin da an ɗan dakata da sauran shirye-shirye tukuna, har a ga yadda jarrabawa za ta kasance.

Sai wata tambaya, kada ka yi fushi. Rubutunka ya ƙara girma, layukan kuma suna hawa tudu, daga hagu ƙasa zuwa dama sama. Kai da kake ja mana layi da rula in mun karkace. Yaushe rabonka da gwajin ido? Kuma da mai gwajin ya ce wannan ko wancan, me ka ce masa?

'Yarka.

*

Uwata,

Lafiya lau muke, Allah ya sa ke ma haka. Mahaifiyarki ta zo jiya, ta wuni.

Na ga kina tsoron jarrabawa. Ba a dakatar da aiki don tsoro. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba wanda ya taɓa faɗuwa jarrabawa a gidan nan, ba kuwa za a fara a kanki ba. Kafinta ya gama kanta da akwatunan gilashi. Mai fenti ya rubuta allon shago, fari a kan shuɗi, kalmomin ni na tsara su, na kuma tsaya a kansa har ya gama don kada ya ci mini harafi. Muƙaminki yana layi na biyu. Masu wucewa har tsayawa suke yi.

Batun yara, abin tausayi ne, Allah ya ba su lafiya. In kin dawo, wanda aka kawo ki duba shi.

Idona kuwa ƙalau yake. Takardun yanzu ne ba su da layi mai kyau. Da mai gwajin ya tambaye ni, na ce masa shi ya yi karatun, ya zaɓa. Ban taɓa barin wani ya koya mini aikina ba, ba zan koya wa wani nasa ba. Ki bar idon Kawunki ki kula da littafinki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Kin maimaita jimlar a gaban madubi?

Kawunki.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya baki ɗaya. Ni lafiya nake, jarrabawa ta wuce, na kuma ci, alhamdu lillahi.

Sauran wasiƙar nan ba zai yi maka daɗi ba. Zan sa labarin tun a sama kamar yadda ka koya mana: ban faɗi jimlarka ba. Na nemi gurbin ɗakin yara.

Na maimaita taka a gaban madubi, wallahi na maimaita. Kowane lokaci tana fita tsaf, ba gargada. Sai dai duk sanda na faɗe ta, kalmar nan da ka ce ka tsana ita ke faɗo mini, settle for. Shagon yana da kyau, Kawu. Ba don rainuwa ba. Amma in na dawo yanzu, abin da na iya shi ne gwada manya. Yarinya irin mai ɗan kunnen nan in aka kawo mini, rabin abin da ke damunta ba zan gane ba, zan ba ta tabarau in sallame ta, a ci gaba da ce mata ba ta da kai.

Da likita ta kira ni, na miƙe tsaye yadda ka ce, na dube ta yadda ka ce.  Na ce: Thank you. I would rather stay, and I would prefer the children's room. Ta ajiye biro ta ce, “Ke? Wancan karon kin ce mini ko ina daidai ne. Na ɗauka ɗakin bai dame ki ba, har na yi mamaki, don na ga hannunki a kan yara.” Na ce mata a gidanmu ba a cewa ana so. Ta ce, “To ta yaya ake sani?” Na ce babba ne yake dubawa ya gane. Ta ce, “In babban bai gane ba fa?” 

Ba a ba ni gurbin ba tukuna. Ta riga ta yi wa Aku rabin alkawari, don haka za ta sa mu duka biyu a ɗakin ta gani. Yana iya yiwuwa in rasa can, in kuma ɓata maka a nan, in zama na yi biyu babu. Na sani, na kuma faɗa duk da haka.

Na yi ƙoƙarin nuna maka a wasiƙun baya, amma irin nunin gidanmu na yi, na sunkuyar da kai. Yanzu na ɗago. Kai ka biya mini makaranta, kai ka raka ni tasha, kai ka ba ni kalmomin da na yi amfani da su. Ba ni da abin da zan ce game da allon da aka rubuta da katakon da aka yanka. Ka yafe mini.

'Yarka.

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Wata ya mutu wani ya kama ban ga ambulan ɗinka ba. Kullum in na dawo sai na leƙa akwatin wasiƙu, har mai gadi ya fara ce mini “babu” tun daga nesa. Umma ta ce kana lafiya, kana fita zagaye, amma in aka ambace ni sai ka ɗauki jarida. Hajiya kuwa ta ce in bar ka ka huce. Yaya ya kira ni, muryarsa wasai, ya ce kada in damu. Ban gane masa ba.

An ba ni gurbin. Likita ta ce Aku ya fi ni baki, amma yara suna kuka a hannunsa. Shi da kansa ya zo ya taya ni murna, ya ce dama hayaniyarsu tana sa masa ciwon kai. Na fara aiki. An ba ni farar riga mai ɗauke da hoton kifi a aljihu.

Na ɗauka ranar da aka faɗa mini zan yi tsalle. Sai na zauna a kan matakala ina tunanin wa zan fara gaya wa, kuma kai ne.

Ko zagi ne ka rubuto. Ko takardar nan kawai ka maido da jan biro, ba sai ka ce komai ba.

Katin da na samu ƙarami ne, ka yi haƙuri da ƙanƙantar rubutu.

'Yarka.

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafa ta warke sarai. Hajiya tana gaishe ki, ta ce ki aiko da hoton rigar mai kifi.

Fushi na yi. Ba zan laɓe bayan ciwo ko rashin lokaci ba. Na faɗa wa majalisa guda cewa kina dawowa, na tsaya a rana ina gadin mai fenti, sannan aka ɗauki jimlar da na gina da hannuna aka cire mata “gida” aka sa mata “zama”. Wanzami ba ya son jarfa. Duk wanda ya zo da maganarki, jarida nake ɗagawa, ko da kuwa ta makon jiya ce.

Sai katinki ya zo. Na kai shi taga, na kai shi ƙarƙashin fitila, na nesanta shi, na kusanta shi. Tururuwa kawai nake gani. Hajiya ta ce in kawo ta karanta mini. Na ce tunda nake ba a taɓa karanta mini wasiƙar da aka rubuto da sunana ba. Ta ce to in zauna da ita har ta tsufa. Har yanzu ina zargin da gangan kika ƙanƙanta rubutun. In haka ne, dabara ce mai kyau, kuma ba a wurina kika koye ta ba.

Washegari na tafi wurin mai gwajin ido. Yaro ne sa'an Yayanki. Ya ɗora mini ƙarfen nan a hanci, ya zura gilashi, ya canza, ya ce, “Baba, na ɗaya ko na biyu?” Bakina ya riga ya buɗe zai ce kai ka yi karatun. Sai na tuna yarinyarki mai tsawa. Na ce ya sake. Ya sake. Na ce, “Na biyu.” Ya canza wasu, na ce na ɗaya. Ya sake, na ce duka biyun na ƙarya ne. Ya yi dariya ya ce, “Yau Baba ya zo da magana.” Muka daɗe muna yi. Da tabarau ɗin ya fito na sa, na tsaya a bakin titi kamar baƙo. Ashe bishiyar ƙofar gidanmu ganye gare ta ɗaya-ɗaya. Ashe Hajiya ta yi furfura a gaban goshi. Na faɗa mata, ta ce ai furfurar ta shekara nawa a wurin.

Na karanta katinki. Daga nan na ce bari in koma tushe, na tuna wasiƙarki ta farko kalma bayan kalma, don abin da na gyara ba na mantawa. Sakin layi guda cur a kan ɗakin yara: kujera, matashi, kifi, ɗan kunne. Layi ɗaya tak a kan kewar gida, can ƙasa, kusa da sa hannu. Da sabon yaro ne ya kawo mini wannan labari ya sa layin ƙarshe a matsayin kanu, da na jefa masa takardar a fuska. Ni kuwa haka na yi, don shi ne kanun da nake so. Wannan ba tabarau ba ne ya jawo.

Sai na kira Yayanki. Na ce, “Shagon nan, me kake so a yi da shi?” Ya ce, “Duk yadda ka gani, Baba.” Na ce ban tambaye ka yadda na gani ba, na ga abin da na gani, kai nake tambaya. Ya yi ta sosa ƙeya, ƙato da shi, mai 'ya'ya uku. Da ƙyar ya ce shi tun yana makaranta gyaran waya da kwamfuta yake so, har yana da kayan aiki a akwati a ƙarƙashin gado. Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce, “Ba ka tambaya ba.” Na ce na tambaya mana. Ya ce, “Ka faɗa dai, Baba, sannan ka ce ko ba haka ba.” Hajiya tana bakin ƙofa tana dariya har da riƙe ciki. Kin ji dalilin da muryarsa ta yi wasai.

An kira mai fenti ya shafe allo. Ya yi ta mita wai bai taɓa rubuta haruffa masu kyau irin waɗannan ba. Akwatunan gilashin sun yi daidai da wayoyi kamar don su aka yi. Ɗakin ciki na ce a bar shi yadda yake, kada a taɓa bangon. Yayanki ne ya ce haka ya fi so shi ma, na kuwa tabbatar da bakinsa ya faɗa.

Majalisa kuwa na koma na buga gyara, kamar yadda aka saba in an yi kuskure a shafin farko. Na ce musu 'yata ba za ta dawo bana ba. Gurbi ɗaya ne a asibitin gaba ɗaya, ta tsaya a gaban babbar likita ta nema da bakinta, da Turancin da ba a sami abin gyara a ciki ba, aka kuma ba ta a kan wani mai bakin aku. Mai sayar da littattafai ya ce ai jiya-jiya nake cika baki za ta dawo. Na ce yau ma cika bakin nake yi, labarin ne ya canza.

Saura abu ɗaya, don kada a ce malami bai iya darasinsa ba. In da za ki tambaye ni, I would rather you came home. Gidan nan ya yi shiru, kuma shekara biyu a wurin mai shekaruna ba wasa ba ce. Na faɗa da bakina, ban sunkuyar da kai ba. Amma ki duba darasinki: wannan prefer ne, ba decide ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki zauna ki koyi aikin har ƙarshensa, kada ki dawo mini da rabi.

Ga doguwar wasiƙarki nan na maido kamar kullum. Na bi ta da sabon tabarau layi-layi, jan biro ya taɓa wuri ɗaya kawai. Jimlar ƙarshe, inda kika ce in yafe miki, na soke ta. Ba ta cikin labarin.

Kawunki.